Aikin hulunan baret a Bauchi: daga buɗe dilar hunturu zuwa tsakiyar damina

9 ga Nuwamba, 2024

Aikin shi ne tara hulunan baret, gyara su, ƙawata su da fil da bajo, da adana su. An fara da tantance abin da ke hannu. Huluna 23 ne a kan tebur, duka baret, wato shimfiɗaɗɗiyar hular nan mai laushi irin wadda sojoji da 'yan sanda ke sawa, yawancinsu daga wajen 'yan gwanjo na kasuwar Wunti, wasu kuma an kawo su daga Katako ta Jos. Yanzu ne lokacin samunsu, domin da zarar sanyi ya kunno kai ake buɗe dilar kayan hunturu, baret kuwa a nan take zuwa, cakuɗe da safar hannu da hulunan sanyi na yara. Kowace hula an ɗinka mata ɗan ƙyalle mai lamba daga ciki, an kuma buɗe mata layi a littafi: launi, zagayen baki, faɗinta idan an shimfiɗa, nauyi, da sunan masana'anta in yana nan.

Gwajin farko na ulu ne. A tsinko ɗan gashi daga cikin hular, inda ba a gani, a kunna masa ashana. Ulu na gaske yana warin babbakar ƙafar saniya, wutar ta mutu da kanta, tokar ta murtsuke a yatsa. Zaren roba kuwa narkewa yake yi, ya dunƙule baƙi mai tauri. An samu 14 na ulu zalla, 6 gauraye, 3 na roba. Na robar an ware su don koyon huda da ɗinki, ba su da wani amfani da ya wuce wannan: ba sa riƙe siffa, kuma suna dafa kai.

Iri biyu ne a tarin. Akwai ta farar hula, wadda asalinta yankin duwatsun Firenis ne, tsakanin Faransa da Sifen. Saƙa ta ake yi da girma sosai, sannan a yi ta dukanta cikin ruwa da sabulu har zaren ya cure ya zama kamar ba saƙa ba, a bar mata ɗan tsinke a tsakiyar kai. Masana'antar Laulhère da ke Oloron-Sainte-Marie tana wannan aiki tun 1840, Elósegui kuma a garin Tolosa tun 1858, kuma lamba 4 tana ɗauke da tambarin ta biyun. Ɗaya irin ita ce mai ɗinkin soja: bakin fata ko na ribon, igiya a baya, shafi baƙi daga ciki, da ƙananan huda biyu a gefe don shan iska.

Awo: a zagaya tef ɗin tela a kai, yatsa ɗaya sama da gira da kunne. Yawancin manya suna faɗawa tsakanin santimita 55 da 59. Lambar da ke jikin hular gwanjo ba abin dogaro ba ce, tunda ba a san irin wankin da ta sha a hannun mai ita na farko ba. Bakin ake aunawa daga ciki.

23 ga Nuwamba

Kafin a taɓa fil ko bajo sai da aka gama maganar launi, saboda a nan ne mutum zai iya jawo wa kansa abin da bai shirya ba. Baƙar baret ta 'yan sanda ce, kore ta 'yan sandan kwantar da tarzoma, ja ta 'yan sandan soja. Bauchi kuwa gari ne na bariki, ga Shadawanka, ga makarantar sojojin tankokin yaƙi, kuma masu tanka a ƙasashe da dama baƙa suke sawa tun da rundunar tankokin Ingila ta ɗauke ta a 1924, wai don baƙin mai ba ya nunawa a jikinta. Dokar ƙasa ta hana farar hula sa kayan jami'an tsaro ko abin da ya yi kama da su don a ɗauke shi jami'i, kuma wanda ya tsayar da kai a shingen bincike ba zai tsaya jin tarihin hula ba. Ba a nan kaɗai ba ne: a 2019 gwamnatin Yuganda ta sa jar baret cikin jerin kayan soja, a daidai lokacin da magoya bayan ɗan adawa Bobi Wine suka mayar da ita alamarsu.

Don haka an raba tarin biyu. Duk mai ɗinkin soja da launin wata rundunar tsaro, guda 8, ta allon nuni ce, ba ta fita ƙofa. Na sawa su ne masu ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan madara, ruwan goro da shuɗi mai haske. Bajon 'yan agaji, na sikawut da na Man O' War ma haka: na 'yan ƙungiya ne, ana iya ajiye shi a tari in an samu ta halal, amma wanda ba ɗan ƙungiya ba bai kamata ya maƙala shi a goshi ba.

14 ga Disamba

Wanki. Lita 4 na ruwan randa, ƙaramin cokali ɗaya na sabulun wanke kan jarirai. Ban da garin sabulu, domin yawancinsu suna da sinadarin da ke cin dattin abinci da jini, shi kuwa ulu gashi ne, sinadarin bai bambance su ba. Bilic kuma narkar da ulu yake yi kai tsaye. A jiƙa minti 10, a riƙa dannawa da tafin hannu, ba cuɗawa, ba murɗawa. Ruwan ɗauraya ya zama daidai da sanyin na wankin. Abin da ke tsuke ulu shi ne zafi da cuɗa da sauyin ruwa daga zafi zuwa sanyi, wato ainihin yadda aka yi hular tun farko, sai ta ci gaba da curewa daga inda masana'anta ta tsaya.

Bayan ɗauraya a naɗe ta a tawul a danna, a cusa farantin tangaran mai faɗin santimita 26 zuwa 28 a ciki, a shanya a inuwa. Da iskar hunturu kwana ɗaya ya isa. Jajaye suna zuba, a wanke su daban, a sa babban cokali ɗaya na farin binega a ruwan ɗauraya na ƙarshe. Masu bakin fata ba a nutsa bakin, a goge shi da ɗanyen ƙyalle, in ya sha iska a shafa masa man kaɗanya kwatankwacin ƙwayar wake. In an bar shi haka a wannan bushewar, tsagewa zai yi a wajen ɗinki.

Lamba 9 ta zo a tsuke: tambarinta ya ce 58, tef ya ce 55. An riƙe bakinta a kan tururin butar shayi na minti 2, aka ja a hankali zagaye, aka kifa ta a bayan ƙwarya har ta bushe. Ta dawo 56. Abin da za a iya samu ke nan, santimita ɗaya ko ɗaya da rabi. Fiye da haka bakin zai yi lanƙwasa-lanƙwasa, ba ya sake kwanciya.

11 ga Janairu, 2025

An gyara siffar na allon nuni. Sabuwar baret mai ɗinkin soja tana da buzu-buzu, a aske shi da reza mai mariƙi, a bushe, ta fuska ɗaya, daga tsakiya zuwa baki, hannu a sake. Inda aka danna reza ulun yana sirancewa har haske ya ratsa, kuma ba ya tsirowa. Sannan a jiƙa da ruwan ɗumi ban da bakin, a matse da tawul, a ɗora a kan ƙwaryar da zagayenta ya yi daidai da awon, a karkatar da rarar gefe ɗaya, a shafe ta da hannu har ta kwanta. A tsarin Ingila, wanda Najeriya ta gada, bajo yana saman idon hagu, rarar ta faɗi dama. Yawancin rundunonin Faransa akasin haka suke yi. Lamba 17 ta Faransa ce, tana da taurin bajo a dama, an bar ta yadda aka yi ta.

Na sawa ba a aske su ba, buroshi mai laushi kawai.

8 ga Fabrairu

Filoli da bajoji 61 aka zube aka rarraba bisa yadda suke kamawa, domin bayan fil shi ne ke yanke hukuncin inda zai zauna, kyawun fuskarsa na biyu ne. Akwai mai tsinke ɗaya da maƙalin ƙarfe mai fiffike biyu, akwai mai maƙalin roba, akwai mai maƙalin kulle wanda sai an ja kansa yake sakewa. Tsofaffin bajojin Ingila suna da kunne biyu a baya da ake zura wa tsagaggen fil. Sai kewayayyun nan na kamfen da na biki, masu fil irin na ɗaurin zane.

An bi kowanne da maganaɗisu. Wanda ya kama baƙin ƙarfe ne a ƙarƙashin fenti, zai yi tsatsa, an sa masa ɗigon ja a littafi. Wanda bai kama ba tagulla ne, ko gamin tutiya, ko alminiyom. Sannan aka auna su a ƙaramin sikelin masu sayar da zinari. Fil mai fenti na milimita 25 yana zuwa giram 4 zuwa 7, manyan bajojin tagulla suna wuce 15.

Abin da gwaji a kan hulunan roba da na gauraye ya nuna shi ne ulu ba ya ɗaukar kaya shi kaɗai. Fil mai giram 6 da aka soka kai tsaye yana sunkuyawa gaba, hudar ta yi tsawo kamar ɗigon hawaye, kuma kowane sawa da cirewa yana ƙara ta. Saboda haka duk abin da ya wuce giram 3 sai an yi masa mataimaki daga ciki. Kwali shi mutane suka fi amfani da shi, amma gumi na jiƙa shi ya yi laushi, ya kuma riƙe danshi a jikin tsinken. Abin da ya fi shi ne murfin robar fenti ko na man shafawa mai kaurin milimita ɗaya. A yanka santimita 5 da 4, a zagaye kusurwoyin da almakashi, a goge kaifin da takardar yashi, in ba haka ba kusurwar za ta ci ulun daga ciki. A huda shi da allura mai zafi daidai inda tsinken zai bi, a naɗe shi da ɗan ƙyallen auduga, a kama ƙyallen da ɗinki huɗu a jikin shafi. In hular ba ta da shafi, ɗinkin ya ɗauki rabin kaurin ulun kawai, kada ya fito waje.

Ita kanta hular ba a huda ta da abu mai yanka. A sa basilla maras kaifi sosai, a murza a hankali har zaren ya buɗe hanya. Hudar da aka buɗe haka tana rufewa da ɗan tururi in an cire fil. Wadda aka yanka ta zauna ke nan.

Lissafin tsawo: tsinken yawancin filoli milimita 8 zuwa 10 ne. Ulu mai kyau ya ci 2 zuwa 3, mataimaki da ƙyallensa kusan 2, maƙali yana buƙatar aƙalla 4 kafin ya riƙe. Da tsinke mai 8 a kan hula mai kauri irin lamba 4, lissafin ba ya cika, maƙalin ya kama bakin tsinke kawai, ya zame a hanya. Irin waɗannan filolin an mayar da su kan hulunan da suka fi siranta.

Maƙali mai fiffike shi ne mafi rauni. Fiffikensa na saki da yawan matsawa, ga kan tsinke yana leƙowa ya soki fata. Na roba ya fi daɗi a kai, amma zafi yana sa shi sakewa. Na kulle ya fi riƙo, sai dai yana da tudu, don haka ba a sa shi inda hular ke manne da kai, sai a sama da baki inda akwai sarari. Fil mai tsinke ɗaya yana juyawa, a wayi gari rubutunsa a kife. Maganinsa ɗigon ɗinki biyu da zare mai launin hular a gefen fil ɗin, in yana da wata kafa, ko kuma a nemi mai tsinke biyu tun farko.

Wuri: duk wanda zai yi salla da hularsa, kada ya sa komai a saitin goshi. Fil a nan yana hana goshi taɓa ƙasa yadda ya kamata, kuma nauyin kai yana tura tsinken ciki. An tsayar da cewa fil na farko zai fara ne santimita 7 daga tsakiyar goshi, wajen saman kunne, santimita 2 sama da baki. Jimillar nauyi a gefe ɗaya kada ta wuce giram 15, in ta wuce hular na zamewa ta wannan gefen, balle a kan babur. Uku ƙanana a jere sun fi kyau da zama a kan babba ɗaya. Kewayayyen bajo na milimita 25 ko 32 ya yi, na 58 kuwa na ƙirji ne, a kan baret lanƙwasa ta yake yi.

15 ga Maris

Zafi ya shigo, ga azumi, sawa ya tsaya sai da dare. An koma kan bajojin zare, waɗanda ba su da nauyi kuma ba sa tsatsa. An ba masu ɗinkin hula aikin ƙananan zane na santimita 4, da dagin Arewa da wasu daga cikin zanen da ake yi wa zanna. Ba a kan baret ɗin suke ɗinkawa ba, domin jan zare irin nasu yana tattare ulu. A kan wani ƙyalle mai tauri daban suke yi, a yanke da rarar milimita 5, a naɗe rarar baya, sannan a kama shi a jikin hular da ɗinki mai tazarar milimita 3. Kafin a ba da zare a jiƙa shi a goga a farin ƙyalle, ja da shuɗi mai duhu su ne masu zuba.

Bajo mai gam a baya, na liƙawa da dutsen guga, an gwada shi a kan ta gauraye, kuma ba za a sake ba. Zafin da gam ɗin ke so yana ƙona fuskar ulu ya bar sheƙi, gefensa na ɗagawa in ya sha rana, in an ɓare kuma gam ya zauna a cikin zare. In zanen ya burge, a ɗinka shi kawai a manta da gam ɗin.

Dukawa sun yi wasu na jar fata, sirara, da huda zagaye don ɗinki. Suna da kyau a kan ruwan madara, amma sai an sa ƙyalle tsakani, saboda rinin fatar yana sauka in gumi ya taɓa shi. Hulunan sawa guda 6 an ɗinka musu ribon na auduga mai faɗin santimita 2 da rabi a cikin baki don shan gumi. Shi ake farkewa a wanke, hular ta huta.

19 ga Afrilu

An ga ƙananan huda uku da wani abu kamar yanar gizo-gizo a cikin naɗin bakin lamba 12. Asu ne. Ba mai tashin ke ci ba, tsutsarsa ce, kuma inda gumi da maiƙon kai suka taru take nema. Masu adana kayan tarihi suna kashe ta da firiza, awa 72 ko fiye a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili ba tare da yankewa ba, abin da wutarmu ba ta lamunta. Ranar Afrilu ta fi sauƙi. An cire duk filoli, an sa kowace hula a baƙar leda an ɗaure, an ɗora a kan kwano daga ƙarfe 12 zuwa 3, da ma'aunin zafi a cikin ɗaya. Abin da ake nema shi ne cikin ledar ya haura digiri 50 ya zauna a nan aƙalla rabin awa, ya kuwa wuce haka. Masu bakin fata ba su wuce awa ɗaya ba, an kuma sake shafa musu mai. Duka tarin aka yi wa, har waɗanda ba a ga komai a jikinsu ba, sannan aka kakkaɓe da buroshi a waje.

Kafur yana korar asu, amma a akwati mai rufi kawai, a ƙulle cikin ƙyalle, ba ya taɓa hula ko maƙalin roba. Hular da yaro zai sa ba a ajiye ta da kafur sam: akwai yara da yawa a ƙasar nan da aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD, kafur yana fasa musu ƙwayoyin jini.

14 ga Yuni

Ruwa ya zauna. Filolin da aka sa wa ɗigon ja sun fara nunawa: biyu da aka bari a jikin ta gwaji sun zana zoben tsatsa a bakin huda. A kan ruwan madara wannan tabo ba ya fita gaba ɗaya. Ruwan lemun tsami da auduga yana rage shi, a ɗauraye nan take, iyakarta ke nan. An goge tsinkayen da takardar yashi mai laushi, an shafa musu farin man farce sau biyu, a bar na farko ya bushe kafin na biyu.

Tagulla ba ta tsatsa, kore take yi, musamman inda ta jingina da fata mai mai. A cire koren da tsinken sakace, a goge da ƙyalle. Lemun tsami da gishiri suna sa tagulla ƙyalli, amma sai tsurarta. Mai ruwan zinari ko na azurfa a sama zai ɓare, na alminiyom da Ingila ta koma yi daga shekarun 1950 ba ya son komai sai busasshen ƙyalle. Tsofaffin bajoji ma an bar su da duhunsu, masu tara irinsu sun fi daraja su a haka.

Daga yanzu har ƙarshen damina babu ƙarfen da zai kwana a jikin hula. An yi wa filoli allo daban, katako mai laushi da aka lulluɓe da ƙyallen auduga, kowanne da lambar hular da yake hawa.

2 ga Agusta

Fumfuna ta fito a bakin fatar lamba 15 da 20, waɗanda ke ƙasan akwati kusa da bango. An goge da ƙyalle da aka ɗiga wa sifirit, an shanya a inuwa mai iska, an ɗage akwatin a kan bulo biyu, an janye shi taku ɗaya daga bango. Leda da ta yi amfani a Afrilu yanzu ita ce matsala, tana kulle danshi. An koma jakar auduga, huluna ba su wuce 5 a jere ba, farar takarda a tsakani, ba jarida ba saboda tawada. An zuba 'yan ƙunshin shan danshi irin waɗanda ke zuwa a kwalin takalmi, guda 10 a kowane akwati, ana gasa su a rana duk ranar da ta fito.

Tarin ya kai 27. Sababbin huɗun suna keɓe a jakarsu, ba za su shiga akwati ba sai sun sha zafi, kuma ranar Agusta ba ta kai digiri 50 a cikin leda, don haka sai Oktoba. Hudar asu ta lamba 12 tana jiran a samu ulu mai launinta da za a cusa a cure da allura, za a tsinko shi daga cikin naɗin bakinta in bai samu a waje ba. Maƙalan kulle 20 da aka aika a sayo daga Kano ba su iso ba tukuna.